GIGIN TSUFA CIWO NE, BA MAITA BA CE: NASIHA GA SAMARIN MUSULMI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai raya jariri har ya zama saurayi, Mai raya saurayi har gemunsa ya yi fari. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Maganar da za mu yi a wannan ɗan littafi magana ce ta cikin gida. Da wuya a sami ɗayanku da ba shi da tsoho ko tsohuwa a gidansu, ko uba, ko uwa, ko kaka, ko gwaggo. Kuma da yawa daga cikinku sun riga sun ga ranar da tsohon nan ya fara tambayar abu ɗaya sau biyar, ko ya kira jikansa da sunan ƙanensa da ya rasu shekara talatin da suka wuce, ko ya ci tuwo ya wanke hannu sa'an nan ya ce tun safe ba a ba shi kome ba. Me kuka yi a ranar? Wasu dariya suka yi. Wasu suka ce jifa ce. Wasu kuwa, wa iyazu billahi, suka ce tsohuwa ta fara tonon kanta.

Akwai wani dattijo da na sani, ladan ne, ya fi shekara talatin yana kiran salla a masallacin unguwarsu, ba a taɓa jin ya makara ba. Rannan da tsakar dare, wajen ƙarfe ɗaya, sai aka ji shi yana kiran assalatu. Mutane suka fito, aka mai da shi gida. Bayan kwana uku ya sake. Unguwa ta ɗauka, wai aljanun masallaci ne suka shafe shi. 'Ya'yansa suka yi wata biyu suna yawo da shi daga wannan mai magani zuwa wancan, an yi hayaƙi, an yi wanka, an yanka baƙin bunsuru. Ranar da bakinsa ya karkace aka kai shi asibiti, likita ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya tambaye su: tun yaushe yake da hawan jini? Ba wanda ya iya ba da amsa, domin ba a taɓa auna shi ba. Kuɗin bunsurun nan kaɗai da ya isa a saya masa ƙwayar hawan jini ta watanni.

ABIN DA ALƘUR'ANI DA SUNNA SUKA FAƊA

Ku sani, Allah bai bar mu cikin duhu a kan wannan al'amari ba. Ku buɗe Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5. A wurare biyun nan Allah Ya ba mu labarin cewa akwai wanda ake jinkirta masa har ya kai ƙarshen tsufa, inda sanin da yake da shi a da yake kuɓuce masa. A cikin Suratur Rum aya ta 54 kuma an jera mana matakan rayuwar ɗan Adam, rauni a farko da rauni a ƙarshe. To ku duba da kyau, a cikin ayoyin nan babu inda aka danganta wannan hali ga maita, ko sammu, ko fushin kakanni. An ambace shi ne a cikin ayoyin ikon Allah a kan halittarSa.

Ya inganta a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana neman tsari daga irin wannan tsufa. Kuma ya inganta cewa ya umurci bayin Allah da su nemi magani, ya sanar da su Allah bai saukar da wata cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. A ruwayar Usama ɗan Sharik (R.A.), wadda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, an ware abu guda da ba shi da magani, watau tsufa.

A nan ne wasu suke tuntuɓe. Sai su ce, ai tsufa ba shi da magani, a bar Baba kawai. Haba ɗan'uwa! Tsufa dabam, cutar da ta sami tsoho dabam. Furfura ba ta da magani, amma hawan jini yana da shi. Ba ka ga tsofaffi 'yan shekara casa'in suna karanta izu biyu bayan asuba, suna lissafin gado da ka, ba su kuskure ba? In da shekaru ne kawai ke kwashe hankali, da babu wanda zai tsira. Mantuwar da ta kai mutum ya ɓace a hanyar masallacin da ya yi shekara arba'in yana bi, ko ya kasa gane kuɗi, ko ya kasa sa rigarsa, wannan ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa wani ciwon ne da ya daɗe a jiki ya share masa hanya.

YADDA CIWON JIKI YAKE ISA ƘWAƘWALWA

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma ita kaɗai tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta da rumbu, ba ta ajiya. Abincinta da iskarta jini ne ke kawo mata su kowane lokaci ta waɗansu jijiyoyi, wasu ma sun fi gashi siranta. Saboda haka duk ciwon da ya ɓata jini, ko ya ɓata hanyar jini, ƙarshensa sai ya taɓa tunani.

Na farko, hawan jini. Likitoci suna cewa mutum yana da shi idan awonsa ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko fiye. Mugun halinsa shi ne ba ya sallama. Mutum zai yi shekara goma yana noma, yana kasuwa, yana jin kansa garau, alhali kuwa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna ta kauri suna tsukewa, wasu suna toshewa. Duk inda jijiya ta toshe, ɗan yankin da take shayarwa sai ya mutu, kamar yadda fadama ke bushewa in an datse mata ruwa. In babbar jijiya ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki da kowa ya sani. In kuwa ƙanana ne, ba za ka ga ya faɗi ba. Sai dai ka ga tafiyarsa ta yi nauyi, lissafi ya fara gagararsa, abin da ba ya ɓata masa rai a da yanzu yana sa shi faɗa ko kuka, fitsari yana kufce masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba. Ladanin nan namu yana cikinsu.

Na biyu, ciwon suga. Shi ta fuska biyu yake cutarwa. In suga ya yi yawa a jini shekara da shekaru, yana lalata jijiyoyin nan da muka ambata, na ido da na ƙoda da na ƙwaƙwalwa. In kuwa ya yi ƙasa ƙwarai, kamar tsohon da ya sha ƙwayarsa ko aka yi masa allurar insulin sa'an nan bai ci abinci ba, to nan take ƙwaƙwalwa za ta shiga yunwa. Sai gumi, sai karkarwa, sai surutai, har ya kai ga zagi ko suma. Wannan yakan faru da yawa a watan azumi wajen la'asar. In yana iya haɗiya, a jiƙa suga ko zuma a ba shi nan da nan, azumin nan a karya shi. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa, ko rubutu, domin zai iya wucewa huhunsa ya kashe shi. A ɗauke shi sai asibiti.

Na uku, ƙoda da hanta da zuciya. Ƙoda da hanta su ne masu tace dattin jini. In sun gaza, dattin sai ya taru ya hau kai, mutum ya riƙa barci da rana yana farkawa da dare, yana magana ba kan gado. Zuciya kuwa in ta raunana ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Kuma ku lura, hawan jini da suga su ne manyan masu kashe ƙoda, watau ciwo ɗaya yana jawo ɗan'uwansa.

Na huɗu, kurumta da raunin gani. Tsohon da ba ya ji sosai yakan janye daga hira, ya daina zuwa majalisa, ya zauna shi kaɗai a ɗaki, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi. Wani ma lafiyar hankalinsa ƙalau, tambayar ce bai ji ba ya ba da amsar wata, ku kuwa kuka yanke masa hukuncin ruɗewa. Yanar ido ana cire ta da ɗan aiki kaɗan. Kunne ana duba shi, wani lokaci datti ne kawai ya toshe shi.

Na biyar, baƙin ciki mai daɗewa, irin wanda ke kama tsoho bayan rasuwar matarsa ko karyewar arzikinsa. Yana kawo mantuwa da rashin son magana har a zaci gigi ne, alhali yana da magani. Haka kuma ƙarancin wani sinadari da ake kira B12, wanda ake samu a nama da ƙwai da madara, yana kawo mantuwa, kuma awon jini yana gano shi.

Na shida, magungunan da ku da kanku kuke saya a kemis. Baba ba ya barci, sai ka je a ba ka Valium. Yana mura, sai Piriton. Gwiwa na ciwo, sai tiramadol. Jikin tsoho ba ya fitar da magani da sauri kamar naka. Ƙwayar da za ta sa ka barcin dare ɗaya, shi tana iya ruɗa shi kwana biyu, ya tashi ya faɗi ya karye a ƙugu.

Akwai kuma cutar da ke cin ƙwaƙwalwar kanta kai tsaye, wadda ake kira da sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906, Alois Alzheimer. Ita ce ta fi yawa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Amma ita ma hawan jini da suga suna ƙara mata gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu.

Kada wani ya ce wannan binciken Turawa ne a kan Turawa. A nan Nijeriya, daga 1992, likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiyana ta Amurka sun yi shekaru suna bin tsofaffin Yarabawa na Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis da awo iri ɗaya. Suka tarar gigin tsufa ya fi yawa nesa ba kusa ba a wurin na Amurka, kuma a wurinsu ne hawan jini da suga da kitsen jini suka fi yawa. Sa'an nan a 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ke jawo wannan ciwo, cikinsu har da hawan jini, da suga, da taba, da giya, da kurumta, da buguwa a ka, da zaman kaɗaici. Suka ce in an magance su, ana iya kauce wa ko jinkirta wajen kashi 45 cikin 100 na ciwon. Kusan rabi ke nan, jama'a. Ashe ba zama za a yi a naɗe hannu ba.

RUƊEWA IRI BIYU CE

Wannan ku riƙe shi da kyau, domin rai yana iya rataya a kansa.

Akwai ruɗewar da ke zuwa a hankali, wata da watanni, shekara da shekaru. Wannan a kai shi a duba shi ba tare da jinkiri ba, amma ba ta gudu ba ce a daren.

Akwai kuma wadda ke zuwa farat ɗaya. Jiya Inna lafiya lau kuka yi hira, yau ba ta gane ka ba, tana ganin mutane a bango, tana fizge zane. Wannan alama ce ta wani ciwo da ya taso a jiki yanzu-yanzu: zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko ciwon mafitsara, ko fitsari ya riƙe, ko ƙishirwa ta busar da ita a lokacin bazara, ko suga, ko wani magani da ta sha. Tsoho sau da yawa jikinsa ba ya zafi ko da ciwo ya kama shi, ruɗewar ita ce zazzaɓinsa. In an yi maganin sanadin da wuri, galibi hankali yana komowa. In an tsaya turare da hayaƙi kwana uku, ana iya rasa ta.

Haka nan in ka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, kada ka tsaya jin masu cewa aljani ne ya mare shi a bayan gida. Jijiya ce a ƙwaƙwalwa. Kowace sa'a da ta wuce, wani yanki yana mutuwa.

ZARGIN MAITA DA ZUWA WURIN BOKA

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mana rai. Tsohuwa ta ruɗe, ta fita da dare ba mayafi, an tsince ta a bakin maƙabarta ko a ƙofar gidan wani. Ko kuwa an yi rasuwa a gida, ta ce ai ni na kashe shi, domin ba ta san abin da bakinta ke faɗa ba. Sai samari su taru, irinku, masu ƙarfi a jika, a kewaye ta, a ce ta saki kurwar yaro, a tuɓe ta a ce ta tsallaka shi. Subhanallahi! Matar da ta yi goyo, ta yi daka, ta aurar, yau ita ce ake ja a ƙasa. Kuma abin yakan kai ga kisa. A watan Yuli na 2020, a ƙauyen Kafaba na arewacin Gana, an kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90 da duka a gaban jama'a, bayan wata mai duba ta nuna ta da maita.

Ya kai saurayi, da wace hujja? Wa ya ba ka labarin gaibu? Mu ba mu musun sihiri, ba mu musun aljanu, domin nassi ya ambace su. Amma nassin nan dai shi ne ya hana mu yawan zato a cikin Suratul Hujurati aya ta 12, shi ne ya haramta jinin Musulmi da mutuncinsa. Maganar wanda hankalinsa ya gushe ba a kafa hukunci da ita ko a gaban alƙali, balle a bakin titi. Kuma ya inganta a cikin Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. To kai ka ɗauki mahaifinka ka kai shi can, an karɓe kuɗinka, an ce matar ubanka ce ta yi masa asiri. Ka dawo gida ba lafiya, ba kuɗi, ba zumunci, ga sallarka a rataye. Wace riba ka ci?

Addu'a kuwa da karatun Alƙur'ani a kan mara lafiya, wannan Sunna ce, ku yi ta safe da yamma. Ku tofa masa, ku kuma ba shi ƙwayarsa a kan lokaci. Wanda ya koya mana addu'a shi ne ya umurce mu da neman magani. Abin da ba shi da asali shi ne ɗaure tsoho da mari, da dukansa wai ana dukan aljani, da turnuƙe shi da hayaƙin barkono a ɗaki alhali huhunsa da zuciyarsa ba su da ƙarfi. Wannan zalunci ne, ko wane suna aka sa masa.

HUKUNCIN IBADARSA DA DUKIYARSA

Hankali shi ne sharaɗin taklifi. Hadisin da ya ambaci mutum uku da aka ɗauke musu alƙalami sananne ne, cikinsu akwai wanda hankalinsa ya gushe. Saboda haka tsohon da ya kai ba ya rarrabe lokaci, ba ya sanin raka'a nawa ya yi, babu salla a kansa, babu azumi, babu ramuwa, babu ciyarwa. Kada ka tsaya a kansa kana daka masa tsawa wai ya yi azahar raka'a bakwai. In ya ga ana salla ya tashi ya bi, ku bar shi, ku taimaka masa da alwala, domin sau da yawa Fatiha da zikiri su ne na ƙarshen abin da ke fita daga ƙwaƙwalwa, kuma suna kwantar masa da rai. In hankalin yana zuwa yana tafiya, to salla tana kansa a lokacin da yake cikin hankalinsa.

Wanda kuwa hankalinsa ƙalau amma ciwo ya hana shi azumi, kamar mai ciwon ƙoda, ko mai sugan da likita ya ce azumi zai cutar da shi, ya sha abinsa, a ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Kada ku zuga shi da cewa ai Baba jarumi ne. Allah Yana son a karɓi sauƙinSa.

Dukiyarsa kuwa tasa ce har ya koma ga Allah. Zakka tana fita daga cikinta ta hannun mai kula da shi, a wurin mafi yawan malamai. Amma cinikinsa da kyautarsa da sakinsa ba su zartuwa in hankali ya gushe. Ku ji tsoron Allah a nan, samari. Muna jin labarin ɗan da ke lallaɓawa da takarda, ya kama babban yatsan mahaifinsa ya dangwala a tawada, gobe a wayi gari an sayar da gona, ko an ce an ba shi gida kyauta ban da sauran 'yan'uwa, musamman mata. Wallahi wannan dangwale ba ya halatta maka ko taki ɗaya. Haka mai riƙe katin banki na tsoho yana cire kuɗin fanshonsa yana sayen babur, alhali maganin wata ya ƙare. Mai riƙon dukiyar mara lafiya amana aka ba shi, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya nuna wa 'yan'uwa.

DARASI DAGA MALAMAN HADISI

Ko kun san wannan ciwo ya sami manyan malamai? Masana hadisi suna da babi guda a kansa, suna kiransa ihtilaɗi, watau rikicewar hadda a ƙarshen rayuwa. Ibnus Salah ya ware masa fasali a cikin littafinsa na ilmin hadisi. Ya sami Aɗa'u ɗan Sa'ib, ya sami Sa'idu ɗan Abu Aruba, mutanen da aka yi tafiya ta kwanaki domin a ji hadisi daga bakinsu. Me malamai suka yi? Suka karɓi abin da aka ji daga gare su kafin rikicewar, suka ajiye na bayanta, suka ci gaba da yi musu addu'ar rahama. Ba wanda ya ce asirinsu ne ya tonu.

Ku dubi kuma 'ya'yan Jariru ɗan Hazim, malamin Basra. Da suka ga haddar mahaifinsu ta fara rikicewa, sai suka tsare shi daga masu ɗaukar hadisi, ba wanda ya ji kome daga gare shi a wannan hali. Da haka suka kare hadisin Manzon Allah (S.A.W.), suka kare mutuncin ubansu. Kai kuwa yau waya kake ɗagawa kana ɗaukar kakarka tana surutai, kana tura wa abokai ana dariya. Ka auna kanka da waɗannan 'ya'ya.

Kuma kada ku mai da kowace maganar tsoho gigi. Ku tuna Annabi Yakubu (A.S.) a cikin Suratu Yusuf, lokacin da ya ce yana jin ƙanshin ɗansa, na kusa da shi suka ɗauka tsohuwar ɗimuwarsa ce. Ashe shi ne mai gaskiya. In Baba ya ce cikinsa na ciwo, ko wani yana dukansa in ba kowa, a bincika.

ABIN DA KE KANKA DAGA YAU

Ka kai iyayenka a auna musu jini da suga, ko da suna cewa lafiyarsu ƙalau. Ƙaramin asibitin unguwa ma yana yi. In an sa su a kan magani, ka sani na hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Kai ne za ka riƙe lissafin ƙwayar, domin mai mantuwa yana iya sha sau biyu ko ya ƙi sha sam. Ranar ganin likita ka kwashe duk abin da yake sha a leda, har da na gargajiya, ka nuna. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

A rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa a tukunya. Abin da masana suka yarda wa babban mutum a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, watau wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba. Ka riƙe hannunsa ku taka zuwa masallaci, ka zaunar da shi cikin mutane. Ka sa takarda mai sunan unguwa da lambar wayarka a aljihunsa saboda ranar ɓata. A kawar da ashana da wuƙa da maganin ɓera, a rufe rijiya, a bar fitila a hanyar bayan gida.

In ya tambaye ka abu sau goma, ka amsa sau goma. In ya ce a kira masa mahaifiyarsa wadda ta rasu tun kafin a haife ka, kada ka ce masa ta mutu ya sake sabon kuka. Ka ce, Baba, ba ni labarinta. In ya ce ka sace masa kuɗi, kada ka yi fushi, ciwon ne ke magana, ku nema tare. Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana ka ko da ƙaramar kalmar ƙosawa ga iyaye, kuma ta ambaci lokacin tsufansu da suna, domin Allah Ya san a lokacin ne haƙuri ke ƙarewa.

Kada kuma ka zube wa mata aikin duka. Mahaifiyarka ita ma ta tsufa, matarka kuwa taimako take yi. Wankan mahaifinka da kama masa ruwa da wanke wandonsa, kai namiji kai ka fi cancanta da su, kuma ya fi sutura a gare shi. Ku raba kwana tsakaninku 'yan'uwa, wanda ke nesa ya aiko da kuɗi, domin mai jinya shi kaɗai yakan gaji har ya faɗi abin da zai yi nadama. Ka tuna hadisin Abu Huraira (R.A.) a cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi addu'ar ƙasƙanci har sau uku ga wanda ya riski iyayensa cikin tsufa, ɗaya ko duka biyu, amma bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba.

Daga ƙarshe, kai ma ka dubi kanka. Jijiyoyin da za su ɗauke ka a shekara saba'in su ne waɗannan da kake da su yanzu. Sigarin da kake zuƙa, da ƙwaya, da kodin, da tuƙa babur ba hular kwano, duk bashi ne kake ci, ƙwaƙwalwarka ce za ta biya. Ka auna jininka ko sau ɗaya a shekara. Ka riƙe karatu da hadda da neman ilmi. Kuma ka sani ɗanka ƙarami da ke wasa a tsakar gida yana kallon yadda kake yi wa kakansa.

Ya Allah Ka jiƙan iyayenmu, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka ba masu jinya haƙuri da lada. Ya Allah Ka jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankalinmu muddin muna raye, Ka sa kalmar shahada ta zama ƙarshen maganarmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.